Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu

A watan Maris na 1939 aka fito da wani sabon jirgin yaƙi daga masana'antar Mitsubishi da ke birnin Nagoya, aka raba shi gida-gida, aka ɗora a kan amalanken shanu. Masana'antar ba ta da filin tashin jirage. Filin da za a gwada shi yana Kakamigahara, tafiyar kusan kilomita 48, hanyar kuwa duk gargada ce, ana tsoron kada jijjigar mota ta lanƙwasa siririn jikinsa. Haka shanu suka yi ta jan sa sannu a hankali har suka isa. Ranar 1 ga Afrilu ya tashi sama karon farko. Shi ne jirgin da duniya ta sani da suna Zero, wanda injiniya Jiro Horikoshi ya jagoranci zana shi. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an ƙera fiye da 10,000.

Na ƙarfen kaɗan ne suka rage, yawancinsu a gidajen tarihi. Na roba kam ba su ƙirguwa. A Japan da Turai da Amurka akwai mutane, yara da masu furfura, da ke sayen kwali mai ɗauke da gutsattsarin roba, su yanke, su manne, su goge, su yi fenti, har ƙaramin jirgi ko tankar yaƙi ya tsaya a kan tebur kamar an ƙanƙance na gaskiya. Ba ya tashi, ba ya harbi. Duk darajarsa tana ga yadda ya yi kama da ainihin abin. Bidiyon wannan aiki ya cika YouTube, kuma ba mamaki matashi ya ci karo da ɗaya ya ji hannunsa na ƙaiƙayi. Sha'awa ce mai kyau, ta cancanci a ƙarfafa masa gwiwa. Sai dai ya sani tun daga farko cewa rabin aikin ne kawai yake a yatsu. Ɗaya rabin karatu ne: wane jirgi ne, wa ya ƙera shi, ina ya yi aiki, a kan su wa ya zubar da wuta.

Cibiyar wannan sana'a ita ce Shizuoka, wani birni a bakin teku tsakanin Tokyo da Nagoya. Tun zamanin mulkin gidan Tokugawa aka tara gwanayen masassaƙa a can domin gina wuraren ibada, da yawansu suka zauna, sassaƙa ta zama gadon garin. A 1946, shekara ɗaya bayan an ci Japan da yaƙi, Yoshio Tamiya ya buɗe wurin tsaga katako, daga nan ya shiga yin ƙananan jiragen ruwa na itace. Da samfuran roba na Amurka suka shigo suka kashe kasuwar na katako, kamfanin ya koma roba a 1960. Hasegawa da Aoshima da Fujimi duk 'yan wannan yanki ne, kuma kowace shekara a watan Mayu ana yin babban baje-kolin samfura a birnin. Akwai kuma Fine Molds a Toyohashi, ƙaramin kamfani da ya shahara da tankoki da jiragen Japan waɗanda manya suka daɗe ba su kula da su ba.

Mutumin da ya fi dacewa matashi ya yi koyi da shi a wannan tarihi shi ne Shunsaku Tamiya, ɗan mai kamfanin. Bai yarda da hoto kaɗai ba. Ya riƙa zuwa gidajen tarihin soja na Amurka da Turai da ma'auni da kyamara, yana hawa kan tankoki yana kutsawa ƙarƙashinsu. Da kamfanin ya tashi yin samfurin wata motar tsere ta Porsche a shekarun 1970, sai ya sayi Porsche 911 sukutum aka kwance ta ƙusa-ƙusa domin a ga abin da ke ciki. Sunan da Tamiya ya yi a duniya daga wannan naci ya fito.

Abu na farko da mai koyo zai iya shi ne lissafin ma'auni, kuma lissafi ne mai sauƙi. Idan an rubuta 1/72 a kwali, kowace santimita ɗaya ta samfurin tana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaskiya. Faɗin fukafukan Zero na farkon yaƙi mita 12 ne. A 1/72 zai fito kusan santimita 17, a 1/48 santimita 25, a 1/32 santimita 37 da rabi. Tankoki kuwa an fi yin su a 1/35, ma'aunin da ya samu ba da shiri ba: a farkon shekarun 1960 Tamiya ya yi wata tankar Panther ta Jamus da girman da zai ɗauki batura da ƙaramin inji, da aka auna daga baya sai aka ga ta faɗo a kan 1/35, sauran kamfanoni suka bi. Amfanin lissafin yana bayyana ne idan aka juya shi. Ɗigon gam mai kaurin milimita ɗaya a fiffiken samfurin 1/72 daidai yake da tudun santimita 7 a fiffiken gaskiya. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba sai an ce masa ya rage gam ko ya tsinka fenti ba.

Kada matashi ya fara da babban kwali. Jirgi mai inji ɗaya a 1/72 ko 1/48 ya isa, ko tankar Chi-Ha ta Tamiya a 1/35, wadda aka fitar tun shekarun 1970 kuma har yau tana haɗuwa ba tare da wahala ba. Kayan aiki ma ba su da yawa: 'yar filaya mai yanka, reza mai kaifi, hantsaki, samfefa mai laushi, gam na roba, buroshi biyu ko uku, da salatif na takarda. 'Yar bindigar feshi da ake gani a bidiyo za ta jira. Da yawa daga cikin gwanaye da buroshi suka fara.

Idan an buɗe kwali za a tarar da sassan a manne jikin firam ɗin roba, kowanne da lambarsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a murɗe sashe da hannu ya ɓalle, ya bar rami ko farin tabo. A yanke shi nesa kaɗan da jikinsa, sannan a bi ragowar da reza da samfefa. Kada a ciro sashe sai lokacinsa ya yi, domin da zarar ya rabu da lambarsa ya shiga cikin 'yan'uwansa, gane shi aiki ne. Kafin a sa gam a gwada haɗa ɓangarorin a bushe. Gam ɗin roba ba kamar sauran gam ba ne, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda, don haka abin da ya kama a karkace ya kama ke nan. Mai ruwa-ruwan cikinsa ya fi daɗin aiki: a haɗa ɓarin jikin jirgi biyu, a taɓa bakin buroshi a tsagar, sai a ga gam ɗin ya bi layin da kansa. A matse kaɗan har narkakkiyar roba ta ɗan tsattsafo, a ɗaure da salatif, a bar shi ya kwana. Washegari a goge layin har ya ɓace. Mai gaggawa yakan taɓa wurin tun bai bushe ba, ya bar zanen yatsansa a bayan jirgi, kuma fenti ba ya rufe wannan.

Mazaunin matuƙi ake fara yi wa fenti, tun kafin a rufe jikin. Wanda ba ya son ajiye siffar mutum saboda addini yana iya barin ɗan matuƙin roba a cikin kwali, ya yanko siririn salatif ya yi wa kujera bel. Masu wannan aiki da dama haka suke yi ko don kujerar ta fito sosai. Murfin gilashin kuwa kada sufa-gulu ya kusance shi, tururinsa na mayar da shi fari fat. Farin gam na kafintoci ya wadatar.

Fenti shafa uku masu tsinki sun fi shafa ɗaya mai kauri, kuma kowace sai ta bushe kafin ta gaba. Mai aiki a ƙasar hunturu yana da ƙarin abokin gaba, wato ƙura. Da ya gama shafa ya kife roba ko kwali a kan samfurin. Kada ya shanya shi a rana don ya yi saurin bushewa, zafi na lanƙwasa roba. Tambarin da ake jiƙawa a ruwa a zame shi kan jirgi yana son fuska mai santsi. Idan aka ɗora shi a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashi, gefensa ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Sai kuma maganar lafiya, wadda ba ta wasa ba ce. Gam ɗin roba da tina suna da tururi mai bugarwa, dangin na sholisho da ya lalata rayuwar samari da yawa. A buɗe taga, a rufe kwalba da zarar an ɗiba, a ɗaga kayan sama inda ƙanne ba za su kai ba, domin ƙananan sassa na iya shaƙe yaro. Reza kuma kullum bakinta ya fuskanci waje.

Duk wannan hannu ne, kuma hannu na faɗawa da yawan yi. Inda ake gane wanda ya ɗauki aikin da gaske shi ne tambayar da yake yi kafin ya buɗe kwalbar fenti: wanne Zero nake ginawa? Domin ba ɗaya ba ne. Samfuri na 21, wanda ya kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, bakin fukafukansa na naɗewa domin ya shiga lif ɗin jirgin ruwan da ke dakonsa. Na 32 an datse masa baki ya zama mai kusurwa. Na 52 fukafukansa mita 11 ne, da bututun hayaƙi a jere a gefen inji. Bugu da ƙari kamfanoni biyu ne suka ƙera shi, kuma Nakajima ya fi Mitsubishi mai asalin zanen yawan abin da ya fitar. A jiragen da aka yi wa koren fenti a sama, ana gane na Nakajima da yadda iyakar koren take lanƙwasa ta hau zuwa ƙananan fukafukan wutsiya, na Mitsubishi kuwa layin a miƙe yake tafiya. Abu ne da ba ya ɗaukar minti biyar a gyara, amma sai wanda ya bincika.

Launin Zero na farkon yaƙi ya jawo muhawarar shekaru. Hotunan lokacin baƙi da fari ne, don haka aka daɗe ana shafa masa fari ko toka-toka mai haske, a fina-finai da kwalayen samfura. Sai masu bincike suka koma ga gutsattsarin jiragen da aka harbo, waɗanda ke ajiye a gidajen tarihi da hannun mutane, suka duba wuraren da rana ba ta taɓa ba. Suka tarar da toka-toka mai sirkin kore da ruwan ƙasa. Har yau ana ja-in-ja a kan ainihin zurfinsa, amma farin nan an bar shi. Darasin ga matashi a fili yake: hoton da ke bayan kwali zanen wani ne, shi ma yana iya kuskure.

Haka batun ɓarewar fenti. Jiragen Japan sun yi suna da fenti mai ɓarewa, har wasu na ganin samfuri bai cika ba sai an yayyafa masa tabon azurfa ko'ina. Gaskiyar ta fi haka tsari. Jiragen sojan ruwa na 1941 sun fito da fentin shimfiɗa a ƙarƙashi, ana kuma kula da su sosai, don haka Zero na Pearl Harbor a tsaftace yake. Waɗanda suka ɓare sosai su ne jiragen sojan ƙasa da aka fesa wa kore a fagen daga kai tsaye a kan tsuran ƙarfe, da na ƙarshen yaƙi lokacin da kayan aiki suka yi ƙaranci, aka kwashi ɗalibai aka zuba a masana'antu. Ɓarewar ma tana da wurarenta: gindin fiffike inda matuƙi da makanikai ke takawa, gefen murfin inji, bakin fiffike da iska ke duka. Wanda ya sa tabo inda ƙafa ba ta taɓa takawa ya nuna bai tambayi kansa me ya kawo tabon ba.

Mai haɗa Zero zai lura da wani abu a mazaunin matuƙi: kujerar duk huji ce, bayanta kuma babu farantin sulke. Sojan ruwa ya buƙaci jirgi mai sauri, mai dogon zango, mai juyi, da injin da ƙarfinsa bai kai doki 1,000 ba. Horikoshi ya rage nauyi ta kowace hanya. Aka yi amfani da sabon alminiyam mai ƙarfi na kamfanin Sumitomo, aka huda duk ƙarfen da za a iya hudawa, aka bar sulke da tankin mai da ke toshe kansa idan harsashi ya fasa shi. A 1941 da farkon 1942 kusan babu jirgin abokan gaba da ke iya juyi da shi. Amma harsashi kaɗan ke sa shi ya kama da wuta. A watan Yulin 1942 Amurkawa suka tsinci wani Zero a kife cikin fadama a tsibirin Akutan, kusan lafiyarsa ƙalau, matuƙin ya mutu a ciki. Suka gyara shi suka tashe shi a San Diego, suka gano cewa yana taurin juyi idan gudu ya yi yawa. Hujin kujerar nan da ake shafa wa fenti da bakin tsinke shawara ce da aka yanke a ofis, wadda samari da yawa suka biya da rayukansu.

Tankokin Japan ba su yi sunan jiragen ba, amma sun fi sauƙi ga mai buroshi. Lambobinsu na faɗin shekararsu, bisa kalandar sarautar Japan wadda ta girmi ta Miladiyya da shekara 660: Nau'i na 95 Ha-Go na shekarar 2595 ne, wato 1935, Nau'i na 97 Chi-Ha kuwa 1937. Ha-Go tan 7 ce da 'yan kai, mutum uku a ciki, sulkenta milimita 12, kwamanda shi kaɗai a hasumiya yana ba da umarni yana ɗura harsashi yana harbi. Chi-Ha tan 15, tsawonta mita 5 da rabi, wato ƙasa da santimita 16 a 1/35. Idan aka ajiye ta kusa da Sherman ta Amurka mai tan 30 a ma'auni ɗaya, ido kaɗai ya ba da labari. An yi su ƙanana ne domin a iya loda su a jiragen ruwa, su bi gadoji da hanyoyin ƙasar Sin, kuma mafi kyawun ƙarfe sojan ruwa ke kwashewa. A Khalkhin Gol a 1939 tankokin Tarayyar Sobiyet suka tona asirin gajeriyar bindigar Chi-Ha mai milimita 57, abin da ya sa aka yi mata sabuwar hasumiya da doguwar bindiga mai milimita 47. A Malaya, inda Ingila ba ta da tankoki, tankokin Japan sun fasa sahu a Slim River a watan Janairun 1942, Singapore ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu. A Saipan kuwa, a watan Yunin 1944, tankoki wajen 40 suka kai farmaki cikin dare, gari ya waye yawancinsu suna ci da wuta.

Jikinsu cike yake da kawunan ƙusoshi, waɗanda ke fitowa da kyau idan aka tsinka fenti mai duhu aka bar shi ya kwanta a gindinsu. Fentin ɓad-da-kama na farkon yaƙi kore ne da ruwan ƙasa iri biyu, da wani rawayan layi mai lanƙwasa da ya ratsa jikin, kuma iyakokin launukan a fili suke, abin da buroshi ke iyawa sarai. A gaban tankar sojan ƙasa akwai tauraro, ta sojan ruwa kuwa anga. Laka ma sai an yi tunani: ƙasar da aka tankaɗe aka kwaɓa da farin gam na ba da taɓo mai kyau a sarƙa, amma jan taɓon damina na Burma daban yake da farar ƙurar tsibiran tekun Fasifik.

Ambaton Burma ya kawo maganar kusa da gida. Jirgin Japan da ya fi yawo a sararin Burma shi ne Nakajima Ki-43 Hayabusa na sojan ƙasa, wanda ya yi kama da Zero har matuƙan Ingila da Amurka na rikita su. Sojan ƙasa da na ruwa na Japan ba sa ga-maciji, kowa da jiragensa da fentinsa, har lasisin injin Daimler-Benz na Jamus kowannensu daban ya saya. Runduna ta 64 ta jiragen Japan, mai alamar kibiya a wutsiya, ta shafe yawancin yaƙin a wannan fage, kuma cikin abin da jiragenta ke farauta har da jiragen da ke jefa wa sojojin Ingila da ke daji abinci da harsashi. Cikin masu jiran wannan abinci akwai dubban 'yan Afirka ta Yamma. Rundunarsu ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi ta Arakan, suka haɗu aka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Bataliyoyi uku na sojan Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke a bayan sahun Japanawa. Hausa ce harshen da sojojin Nijeriya suka fi mu'amala da shi a bariki, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana kawo wa mutanen gida labarin yaƙin. Sunayen da aka samo a wannan yaƙi suna nan a jikin alluna: Barikin Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Burma Camp a Accra. Matashin da zai haɗa Hayabusa ya fara tambayar tsofaffin gidansu ko akwai wanda ya je. Sau da yawa akan tarar da lambar girma a ƙasan adaka, ko sunan wani kaka da ya tafi bai dawo ba.

Wannan ne ya sa bai kamata kyan waɗannan injina ya rufe wa mai haɗa su ido ba. Zero ya fara yaƙi ne ranar 13 ga Satumba 1940 a sararin Chongqing, yana rakiyar jiragen da suka shafe shekaru suna ruwan bama-bamai a kan birnin, suka kashe dubban fararen hula. Sojan da ke da waɗannan tankoki shi ne ya yi kisan Nanjing a Disambar 1937, shi ne ya tilasta wa fursunoni da talakawan Asiya gina titin jirgin ƙasa tsakanin Thailand da Burma, inda dubun-dubata suka mutu. Daga baya wutar ta koma gida: Tokyo a Maris 1945, Hiroshima ranar 6 ga Agusta, Nagasaki ranar 9. Ta'asar da sojan Japan ya yi ita ce ta sa tutar rana mai tsirkiya, wadda wasu ke shimfiɗawa a ƙarƙashin samfuri don ado, har yau take sosa ran mutanen Koriya da Sin. Mai ɗora hoton aikinsa a intanet ya san haka, ya bar ta.

Akwai wani kwali da ke koyar da wannan fiye da dogon bayani. Wanda ya buɗe samfurin Ohka zai ga mazaunin matuƙi, gajerun fukafukai waɗanda a gaskiya na katako ne, da roket uku a baya. Zai nemi tayoyin sauka ya rasa. Ba mantuwar kamfani ba ce. Bam ne mai kilo 1,200 da aka yi wa kujera, jirgin G4M ya ɗauko shi a ƙarƙashin cikinsa ya sake shi kusa da jiragen ruwan Amurka, mutumin da ke ciki ya tuƙa shi zuwa mutuwarsa. Hare-haren ƙunar baƙin wake na matuƙan Japan sun fara ne a Oktoban 1944. A Chiran, kudancin ƙasar, akwai gidan tarihi da ke ajiye hotuna da wasiƙun bankwana na matuƙan sojan ƙasa 1,036, da yawansu ba su wuce shekara 20 ba. Sa'annin masu karanta wannan shafi ne, kuma manya ne suka aike su. Injiniya Tadanao Miki, wanda ya yi aikin zanen Ohka, bayan yaƙi ya koma binciken jiragen ƙasa, yana cikin waɗanda suka fitar da jirgin Shinkansen mai gudun tsiya da ya fara aiki a 1964. Kamfanin Nakajima ma ya wargaje, daga ɓurɓushinsa aka samu mai ƙera motocin Subaru.

Saura maganar kuɗi. Waɗannan kwalaye daga waje suke zuwa, sau da yawa kuɗin aikowa ya kai na kayan ko ya fi. Kada sha'awa ta ci kuɗin makaranta, kada kuma a faɗa cikin ciwon da ya kama masu wannan aiki a ko'ina, na tara kwalaye a kan sif ba a gina ko ɗaya ba. Abokai uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi fenti da kayan aiki tare. Wanda bai samu kwali ba kuma bai rasa hanya ba. Akwai samfuran takarda da ake saukewa a buga a kan kati mai kauri, a yanke a manne. Akwai zanen jiragen ta sama da gefe da gaba, wanda za a iya bugawa daidai ma'auni a gina da kwali, itace mai laushi da gwangwani. Yaron da ya taɓa fere kara ya yi mota mai tayoyi masu juyawa ya riga ya san yadda ake kallon abu a rage shi. Abin da zai ƙara shi ne rula da lissafi. Tanka ta fi sauƙin farawa a wannan hanya, domin yawancin jikinta faranti ne a miƙe, kawunan ƙusoshi kuma ana yin su da ɗigon farin gam a bakin tsinken sakace.

Idan aiki ya kammala a yi masa murfi, ko da na robar leda mai tauri ne, domin ƙurar wata ɗaya ta isa ta dushe shi, gogewa kuma na karya eriya da farfela. A rubuta ƙaramin kati a ajiye a gabansa: sunan jirgin, ma'auni, rundunarsa, wuri da shekara, misali Nakajima Ki-43, runduna ta 64, Burma, 1944, 1/48. A bayan katin mai aikin ya rubuta abin da bai fito daidai ba, layin da bai goge sosai ba ko tambarin da ya karkace, ya duba shi ranar da zai buɗe kwali na biyu.